Abin da Mama Emilia Ta Lulluɓe

Wari ne ya fara tarar Fasto Nelson tun daga bakin ƙofa: tsohon manja, da hayaƙin kyandir, da wani tsami irin na kunun da ya kwana. Ya zaro hankici ya toshe hanci, yana kaffa-kaffa kada farar kwat ɗinsa ta gogi bango.

A Kafanchan an san shi da ƙona gumaka. Ya sha fasa tukwanen tsafi a bayan rumbu, ya sha tono layu a gindin murhu, kuma kowane aiki sai 'yan cocinsa sun ɗauka a waya ya zaga gari. Shi ya sa Martina ta hau mashin daga Madakiya ta je ta same shi, ko da yake ba cocinsa take zuwa ba.

'Yarta Ƙauna ce ba lafiya. Zazzaɓi ya kayar da ita har ta daina karɓar abinci. Mijin Martina yana aiki a Abuja, uwarsa kuwa, Mama Emilia, ta ɗauke yarinyar ta kai ɗakinta, ta hana a kai ta asibiti.

"Fasto, akwai wani abu a ɗakin nan," in ji Martina. "Mama ya rufe shi da zani, ba ya yarda kowa ya gani. Kullum yana durƙusa a gabansa, wai Baba ne zai warkar da yarinya."

Ga shi kuwa yau ido ya gani. Ƙauna tana kwance a tabarma, leɓenta duk ya tsattsage, goshinta yana maiƙo saboda man da aka yi ta shafa mata. A kusurwa ga wani ɗan tebur, a kansa wani abu a tsaye, an lulluɓe shi da zanin zumuntar mata ta coci. A gabansa an jera ɗanyar citta, nunan farin gonar tsohuwar, da ƙwai, da kwanon tuwon acca da ƙudaje suka baibaye. Littafi Mai Tsarki kuwa da shi aka tokare gurguwar ƙafar teburin.

Fasto ya ƙura wa teburin ido. Matar da aka yi wa baftisma tun kafin a haife shi, mai jan waƙa ranar Lahadi, ashe wannan ƙazantar take yi wa sujada. Ya juya ya tofar da yawu a waje.

Sai ga Mama Emilia ta fito daga bayan gida da ƙwaryar ruwa. Tana ɗaga ido ƙwaryar ta suɓuce. Ta zube a ƙasa a gaban Fasto.

"Baba ya zo! Baba ya ji kukana!"

Fasto ya kaɗa kai. Ya san irin wannan: idan aljani ya ga ƙarshensa ya zo, sai ya sa bawansa ihu. Da ta rarrafo tana miƙa hannu wajen takalminsa, ya ja da baya kamar wanda ya kusa taka kashi.

Ya juya wajen 'yan cocinsa da suka biyo shi riƙe da wayoyi. "Ku riƙe ta. Ku fito mini da teburin nan tsakar gida."

"Fasto, yarinya fa," in ji Martina. "A kai shi asibiti a motarka."

"Bari mu gama da wannan tukuna."

Martina ta dube shi. Ta shiga ta goya 'yarta, ta nufi bakin titi neman mashin. Babu wayar da ta juya ta bi ta.

Maƙwabta sun cika gidan. Aka kwarara kananzir a ƙafafun teburin. Fasto ya gyara wuyan riga, ya jira masu ɗauka suka sami wurin tsayawa mai kyau, sannan ya ɗaga murya.

"Ku saurara, jama'ar Allah! Duk abin da ya hau kujerar Ubangiji a zuciyar mutum, gunki ne. Ko da me aka yi shi, ko wa ya kawo shi, wuta ce makomarsa!"

Jama'a suka amsa da amin. Tsohuwar tana ta kuka a hannun matan da suka riƙe ta, tana tambaya me ta yi wa Baba da ya yi fushi da ita.

Fasto ya kama gefen zanin da yatsu biyu ya fizge, ya ƙyasta ashana, sannan ya juyo don ya dubi abin ƙyamar ido da ido.

Hoto ne a cikin firam. Daga cikin gilashin da manja ya dafe, fuskarsa ce take yi masa murmushi, cikin wannan farar kwat ɗin, kuma har wutar ashanar ta fara cin yatsarsa, hannunsa ya ƙi sakinta.