Ƙafar Tsohon Tela

Tun da ka ce manyan ɗalibanka sun gajiyar da kai, wai ƙashinsu ya riga ya yi tauri, gyara zama in ba ka wani misali.

A wata unguwa da ke bayan tashar jirgin ƙasa an yi wata malama mai koyar da kiɗan fiyano a zauren gidanta. Ba ta korar kowa, daga 'yar shekara bakwai har mai furfura. Wata rana sai ga wani tsohon tela da ya yi shekara arba'in a kan keken ɗinki kafin raunin ido ya ajiye shi. Shi ba makaɗi yake son zama ba. Marigayiyar matarsa ce take da wata 'yar waƙa marar kalmomi, wadda take rerawa a hanci tana guga a gefensa, babu wanda ya san ta sai su biyu. Tun da ta rasu waƙar take sulale masa, yau ya tuna farkonta, gobe ya nemi tsakiyarta ya rasa. Tsoro ya kama shi, kada ya wayi gari babu ita gaba ɗaya, shi ya sa yake so ya damƙa ta ga yatsunsa.

To, amma ƙafar tela ba ta san hutu ba. Da yatsu sun taɓa fiyano sai ta hau fedar da ke ƙasa tana takawa ba ƙaƙƙautawa, sauti ya cakuɗe kamar kunun da aka cika wa ruwa. Malama ta ce, "Baba, nan fa ba shago ba ne." Ta sa ya riƙa naɗe ƙafar a ƙarƙashin kujera. Wata uku ana haka, yatsu suka koyi hanya, ƙafa ta ladabtu, waƙa kuwa ta ɓace ɓat. Ran nan da la'asar, an ɗauke ruwa, ƙamshin ƙasa na shigowa ta taga, sai ya rufe fiyano a hankali ya ce, "Na gode, 'yata. Waƙar ta tafi." Ya zauna bakin ƙofa zai sa takalmi, zuciyarsa a karye. Ƙafar da aka saki ta soma abin da ta saba a kan siminti, dunduniya da yatsu, dunduniya da yatsu. Bai ankara ba sai ga waƙar tana fitowa ta hancinsa. Nan malama ta gane kuskurenta, kunya ta rufe ta. Ashe marigayiyar a kan takun keken take rerawa, abin da ake ta nema a kai yana kwance a ƙafa.

Kashegari ta sa aka ɗauko tsohon keken aka ajiye a gefen fiyano. Yana taka shi, wili na juyawa babu zare babu ƙyalle, yatsunsa na bin waƙar tun daga farkonta har ƙarshe, idonsa a lumshe. Ya ce har ƙamshin gawayin dutsen guga ya ji.

Saboda haka kafin ka raba babba da abin da ya zo da shi, fara duba me ya ajiye a ciki. Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.