Injin Kwafin da Bai Manta Ba

Injin kwafin ya mutu ranar da aka fi bukatarsa, kamar yadda injina suka saba. Aka turo shi sito, aka jingina shi tsakanin karyayyun kujeru da wata fanka mai fiffike biyu.

Kamfanin na gwajin jini ne. Duk takardar sakamako sai ta kwanta a kan gilashin injin nan kafin a miƙa wa mai ita: ta mai ciwon sukari, ta mai cikin da ba ta gaya wa kowa ba tukuna, ta mai cutar da ko sunanta ba ya son ji. Allura da kwalba kowa na da su. Abin da ke kawo mutane nan shi ne rufin asiri.

Mai siton dattijo ne mai tsabta, mai son ganin cikin abu. Ko agogon bango ne ya tsaya, sai ya kwance shi ya ga dalili.

"Baba, don Allah kada injin nan ya fita sai na goge shi," in ji matashiyar da ke kula da kwamfutocin kamfanin. Tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, hutu za ta tafi.

"Ai na riga ki, 'yata. Jiya na bi shi da tsumma."

"Ba ƙura ba, Baba. Yana da ƙwaƙwalwa a ciki. Duk takardar da ya taɓa gani, hotonta na nan a ajiye."

"Wannan? Wanda takarda biyu ma ba ya iya ja bai shaƙe ba?"

Ta yi dariya ta tafi. Maganar kuwa ta tsaya masa a rai. Ya ɗauko sukundireba ya buɗe bayan injin. Ya tarar da baƙin garin tawada, da mataccen kyankyaso, da wani ɗan akwatin ƙarfe kamar sabulun wanka, wayoyi na fita daga jikinsa. Ya ciro shi, ya juya, ya jijjiga a kunne. Ko motsin takarda ɗaya bai ji ba. Ina takardun shekara da shekaru za su shiga a nan? Ya mayar da shi, ya ɗaure, ya yanke hukuncin cewa yaran yanzu karatu ya yi musu yawa.

Ana nan sai sabbin kaya suka iso, manaja ya leƙo ya ce a rabu da tarkace, wuri ake nema. Bai ambaci injin ba, mai sito ma bai tuna masa ba.

Mai sayen tarkacen da ya zo, rigarsa ta fi ƙarfin sana'arsa haske. Bai kalli kujeru ba, bai kalli fanka ba, injin kawai ya nufa.

"Ranka ya daɗe, wannan a wane ofis ya yi aiki?"

"Wajen ba da sakamako. Amma fa ya mutu, ba na cin amana."

"An taɓa buɗe bayansa?"

"Ni na buɗe da hannuna. Na mayar da komai yadda na same shi."

"Madalla da dattijo."

Mai sito ya bi shi da kallo yana ɗora injin a mota a hankali, sai ka ce ƙwai ya sayo. "To me za ka yi da gawa?"

"Kayan gyara, Baba."

Abin ya ba mai sito mamaki har ya kai wa matarsa labari, suka yi dariyar wawan da ya sayi mushe.

Kafin matashiyar ta dawo, saƙonni suka fara shiga wayoyin mutane. Kowa da hoton sakamakonsa, da sunansa, da lambarsa, da gajeren bayani: ka biya, ko mu tura wa iyalinka da wurin aikinka. Waɗanda suka biya aka sake neman su. Waɗanda suka ƙi, aka cika musu alkawari.

Da ta dawo, kai tsaye ta nufi sito. Ta dubi gurbin da injin ya bari a ƙasa, ta dubi dattijon.

"Baba, ai na gaya maka."

"Na duba, 'yata. Wallahi babu komai a ciki."

Hukuma ta rufe kamfanin. Kafin a sa kwaɗo, manaja ya karɓi makullan sito daga hannun dattijon, bai ko ɗaga kai ba.

Mai sito na fitowa da butarsa da tsohon takalminsa a leda, ya tarar da jama'a a bakin ƙofa, wasu na zagi, wasu sun rufe fuska. Wani malamin makaranta, wanda aka tura sakamakonsa ga duk abokan aikinsa, ya ga dattijon tsaye cikin rana. Bai san shi ba. Ya matsa ya ba shi wuri a inuwa.

"Baba, kai ma naka ya fita? Yi haƙuri. Ni yau kwana nawa matata ba ta ce mini uffan ba. Duk wanda ya jawo mana wannan, Allah ya isa tsakaninmu da shi."

Mutane suka amsa. Malamin na kallonsa, yana jira.

"Amin," in ji mai sito.

Mai karatu, injin kwafi, kwamfuta ko wayar ofis, in sun mutu ba su mutu da abin da suka gani ba. Kada ka bari ko ɗaya ya bar wurin aikinka sai wanda ya san aikin ya goge shi, domin rashin ganinka ba shi ne rashin abu ba, kuma asirin da ke ciki na mutane ne.