Koren Fenti

Da gangan Marnie ta zaɓi watan Disamba, don a Disamba babu mai hankalin da zai tuɓe riga a Green Bay, garinsu mai tsananin sanyi a Amurka.

Sauran tafiyar ma a kan haka ta tsara ta. Ta ƙi otal mai wurin ninkaya. Ta sa ziyarar masana'antar cuku, inda ake ƙara wa baƙo farar riga a kan tasa, da hasumiyar fitila ta bakin tafki, inda iska ke yanka kunne. Ranar Lahadi a kalli wasan ƙwallon ƙungiyar garin, saurayinta Wendell ya nemi aurenta a wurin Kaka Elmer, su kama hanya kafin wani ya ga kafaɗarsa.

A kafaɗar nan ta hagu akwai zanen tatu: kan dabbar nan beyar, baki buɗe, tambarin ƙungiyar Chicago, babbar abokiyar gabar ta Green Bay. Ya yi shi ne tun bai san akwai wata Marnie a duniya ba. A gidan su Marnie kuwa ko sunan garin ba a kira a kan teburin abinci. Kaka Elmer, wanda ya haifi mahaifiyarta, shi ke riƙe da kujerun gado na filin wasa, kuma ba a aure a dangin sai ya sa albarka. Wani suruki ya taɓa zuwa Kirsimeti da hular Chicago. Har yau a mota ake kai masa abincinsa.

"Ka ce daga jihar Iowa kake," ta ce wa Wendell a hanya. "Ba su da ƙungiya, ba mai zarginsu. In Kaka ya zagi Chicago, ka gyaɗa kai."

"Ko da ya haɗa da uwata?"

"Ita ma 'yar Chicago ce. Ka gyaɗa."

Ya gyaɗa. A gidan tarihin ƙungiya, gaban hotunan kashin da aka sha ba Chicago, idonsa ya kawo ruwa, Kaka ya dafa shi ya ce yaron nan yana da zuciya. Mahaifinta Gus, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen zagin Chicago, bai shiga ɗakin ba. Ya ce gwiwarsa ta motsa, ya zauna a benci.

Ranar wasa, tun hantsi wurin ajiye motoci ya cika da hayaƙin gashin nama da huluna masu siffar yankan cuku. Mahaifiyarta Loretta ta miƙa wa Wendell soseji cikin burodi, ta ɗaga kwalbar jan miyar tumatir. Hannunsa ya janye da kansa, kamar an kawo masa wuta. Ɗan Chicago ya gwammace yunwa da ya ga jan abin nan a kan sosejinsa, kuma Kaka Elmer ya san haka. Girarsa ta fara tashi.

"Ƙwannafi ne, irin nawa," in ji Gus, ko ɗagowa daga kan gashi bai yi ba. "Ba shi mustad, rawayar miyar nan."

Marnie ta sauke numfashi. Sai wayar Kaka ta yi ƙara. Kawu Dale ne, mura ta kwantar da shi.

Nan ta gane kuskurenta. Ta yi lissafi da masu hankali, ta manta da danginta. Duk shekara mazan gidan kan jeru a sahun gaba na filin wasa ba riga, jiki shafe da kore da rawaya, launin ƙungiya, sanyi na cin su, talabijin na ɗauka. Tunda take, gurbi bai taɓa zama fanko ba, shi ya sa abin bai zo mata a rai ba. Gus ma da fentinsa a jiki ya fito daga gida. Loretta ce ke shafa masa a ɗaki, ƙofa a kulle, kuma tun tana yarinya Marnie ke jin dariyarsu ta bayan ƙofar tana fatan aure irin wannan.

"Ɗan Iowa," in ji Kaka, yana nuna Wendell da cokali mai yatsu. "Kana son jikata? Tuɓe."

"Kaka, yana da asma."

"Ni ina da ƙarfe a ƙugu. Tuɓe."

Wendell ya dube ta. Ya ajiye sosejin, ya kama zif ɗin rigarsa, kuma duk da tsoron da ke cinta sai ta ji ba ta taɓa sonsa kamar yanzu ba.

Gus ya ɗauki bokitin fenti. "Ba a gaban mata ba, Baba. Zo nan, yaro."

Suka zagaya bayan motar kaya. Marnie ta bi su, tana haɗa roƙon da za ta yi. Ta iske Wendell tsaye ba riga, beyar na hangame baki a fili, mahaifinta na kallonsa.

"Baba, don Allah ka saurare ni..."

Ya danƙa mata burushi. "Kore za ki sa, rawaya tona asiri take yi. Ki shafa, ki bari ya bushe, ki ƙara. Kuma kada ya jingina da kujera."

Ta tsaya riƙe da burushin, fenti na ɗiga a kan takalminta.

Gus ya leƙa ya tabbatar Kaka na can wajen gashi. Ya damƙi ƙanƙara, ya zame rigarsa, ya goge tasa kafaɗar ta hagu. A ƙarƙashin koren, wani tsohon beyar, ya koɗe, ya yi tamoji, ya buɗe wa ɗan'uwansa baki.

"In kin rasa gane wani abu, tambayi uwarki," ya ce. "Tun kafin a haife ki take wannan aikin."