Ranar da ruwa ya fitar da mu daga gasar kurket

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya yaran maƙwabtanmu 'yan Pakistan suka sa ni a ƙungiyarsu ta kurket, wasan ƙwallo da sanda, a Stains, unguwarmu a ƙasar waje. Wasa ɗaya ya rage mana a rukuni, in muka ci mun wuce. Ranar wasan, Baba ya bar aiki ya zo kallona, karo na farko. Sai ruwa ya tsuge, aka soke wasan. Aka raba maki, aka ce mun fita.

"Wa ya ci ku?" in ji Baba.

"Ba kowa. Doka ce."

Ya matse jiƙaƙƙiyar hularsa. "Haka suka ce mini a préfecture, ofishin hukuma, kan takarduna na zama."

Shekara ba ta zagayo ba hukuma ta mayar da shi gida Damagaram. Har ya rasu bai taɓa ganin na buga ƙwallo ba.