Kiyashi a Gwangwanin Baba

Wataƙila na manta wasu abubuwa, domin ina aji biyu ne a Keffi, shekarar da naira ta fito. Wata rana bayan azahar Baba ya ajiye fitsarinsa cikin gwangwanin madara a bayan ɗaki, ya ce, "Uwata, in kiyashi sun taru ki faɗa min."

Sun taru kuwa. Na zaci faɗa zai yi min don na bar su, sai na share su, na ce babu. Ya yi hamdala, ya ƙara sukari a shayinsa.

Sai a jami'a na ji cewa haka ake gwada ciwon sukari. Lokacin an riga an yanke ƙafarsa. Yayyena, in kun tuna ya sake gwadawa, don Allah ku gyara min.