Madarar Misis Gadsby

Karo na bakwai ke nan Enoch Pargeter, duba-garin unguwar masaƙa a Salford, yake raba madarar da Tryphena Gadsby ke sayarwa cikin kwalabe uku yadda doka ta ce: ɗaya tata, ɗaya tasa, ɗaya ta likita mai gwaji.

"A ƙaro maka ne, ranka ya daɗe?" in ji ta, har da murmushi.

Madarar nan ko makaho ya san ta sha ruwa. Tsararo ce, shuɗi-shuɗi, jariran unguwa suna sha suna ramewa. Da idonsa ya ga famfo a bayan garkenta, gindinsa kullum a jiƙe. Amma sau shida takardar Dokta Ellwood tana dawowa da magana guda: lafiya ƙalau.

Abin ya ishi Pargeter. Ya sauya rana, ya sauya hula, ya aiki ƙanwarsa ta sayo a ɓoye, duk a banza. Matar kuma ta kai kuka wai yana takura mata don mijinta ya mutu. Kwamitin lafiya ya ce in wannan ma ta fito fes, to Pargeter ya ajiye aiki. Ya so ya zargi cin hanci, sai dai kowa ya san Ellwood, ko tuffa ka ba shi sai ya mayar maka.

Da takarda ta bakwai ta dawo lafiya ƙalau, ya sami Ellwood a ɗakin gwaji.

"Haba likita, ɗanɗana mana! Ruwa ne fa zalla!"

"Harshe ba ma'auni ba ne, Pargeter," in ji Ellwood, ya kurɓi shayinsa da madara ba ta ko sauya wa launi ba. "Ni gwada ta nake da madarar kirki, wadda gidana ke sha shekara goma sha biyu. Nauyi ɗaya, maiƙo ɗaya. Ƙarya kake so in rubuta?"

Ranar Juma'a aka sallami Pargeter. Takaici kamar ya kashe shi.

Washegari da safe ya kai ragowar kwalaben gidan likita. Yana tsaye a ƙofa sai ga keken doki ya tsaya, kukun gidan ta fito da tulu, wata mata ta sauko riƙe da ludayi.

"Ɗan matsa, ranka ya daɗe," in ji Tryphena Gadsby. "Shekara goma sha biyu ban taɓa barin likita ya jira madararsa ba."