Takardar Neman Hutuna

"Ke kin raina mini hankali ne?" Manaja ya buga tebur. "Kwana shida ba ki zo shara ba, kuma babu sanarwa!"

Na ce na sanar. Tun kafin a kwantar da Inna a asibiti Anti sakatariya ta buga mini takardar neman hutu, na ajiye masa a tebur.

"Ban gan ta ba. A buɗe mu gani."

Anti ta buɗe ta a kwamfuta. Sai ga kwanan watan yau ɓaro-ɓaro a sama.

"Kun gani! Yau da safe kuka haɗa baki kuka rubuta ta."

"Yallaɓai, haka duk takardun ofishin nan suke," in ji Anti. "Ranar da aka buɗe su, kwanan watan ranar suke ɗauka. Na sha cewa a gyara."

"Kwamfuta ba ta ƙarya. Ke, ajiye tsintsiya ki kama gabanki."

Shekara huɗu ina goge teburin nan, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Amma yau zuciyata tafasa take yi.

"Anti, don Allah buɗe takardar da aka ɗauke ni aiki."

Ta buɗe. Manaja ya leƙa da kansa, sai ga kwanan watan yau a samanta ita ma.

"To yallaɓai," na ce, "tunda kwamfuta ba ta ƙarya, yau na fara aiki. Wace ce ta yi fashin kwana shidan?"